Nazari: Ƙwayar masassarar cizon sauro na sake hali, wa ke karanta mana kundinta?

Duk wanda ya leƙa asibiti a Maraɗi, Damagaram ko Tawa tsakanin watan Agusta da na Oktoba ya san abin da ido ke gani. Gadaje sun cika, uwaye na zaune bisa tabarmi a baranda da ɗiya a cinya, ma'aikata na ta sokar yatsa suna ɗiga jini bisa ɗan farantin gwaji. Lokacin masassarar cizon sauro ke nan, wadda ƴan boko ke ce wa palu. A shirinmu na kiwon lafiya akwai tambayar da ke dawowa kowace damina, yawanci daga bakin uwaye: an kai yaro likita, an gwada, an ba da magani, ya ji sauƙi, ba a yi sati uku ba jiki ya sake zafi. Shin maganin ne ya daina ci?

Tambayar ba ta da amsa guda. Mai yiwuwa wani sauron ne ya sake cizon yaron. Mai yiwuwa ba a shanye maganin ba, ko yaron ya amayar da shi, ko kuma tun farko jabu ne. Akwai kuma abin da ya fi tayar wa masana hankali, wato a ce ƙwayar cutar ce da kanta ta sake hali. Ido ba ya iya rabe waɗannan, madubin likita ma ba ya iyawa, don a ƙarƙashinsa duk ƙwayoyin kamarsu ɗaya. Abin da ake yi shi ne a ɗauki ƙwayar da ta kama yaron da farko, da wadda aka samu da ciwon ya dawo, a karanta rubutun halittarsu, a jera su a ga ko guda ce. Wannan aiki na kwatanta kundin halittar ƙwayoyin cuta shi muke son mu duba a yau, saboda abin da yake nunawa daga gabashin Afirka ya shafe mu kai tsaye.

Ba ƙaramin lamari ba ne a gare mu. Rahoton hukumar lafiya ta duniya, OMS, na ƙarshen 2024 ya ce a 2023 mutane kusan miliyan 263 suka kamu da cutar a duniya, 597,000 suka rasu, mafi yawansu yara ƙanana na Afirka. Ƙasashe huɗu ne ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen: Najeriya, Kwango-Kinshasa, Nijar da Tanzaniya. Kason Nijar kaɗai ya kusa kashi 6 cikin 100.

Mene ne wannan kundi?

Sauro ɗan aike ne kawai. Mai ɓarnar wata halitta ce mai rai, mai tantani guda tak, da ake kira Plasmodium falciparum. Ta fi birus girma nesa ba kusa ba, kuma rayuwarta ta fi tasa sarƙaƙiya: daga bakin sauro ta shiga hanta, ta ninka, ta fito ta afka wa jajayen ƙwayoyin jini. Kamar kowace halitta, tana ɗauke da rubutun umarnin da ke tafiyar da ita, wanda masana ke kira jenom, mu kuma za mu ce masa kundin halitta. Haruffa huɗu kacal ake rubuta shi da su, A, C, G da T. Na ɗan Adam ya kai harafi miliyan dubu 3. Na wannan ƙwaya bai wuce miliyan 23 ba, an raba shi ɗauri 14, da umarni kimanin 5,300, su ne ake kira ƙwayoyin gado.

A watan Oktoba na 2002 aka wallafa cikakken kundin karon farko a mujallar Nature. Ƙwayar da aka karanta an samo ta ne daga jinin wani maras lafiya a ƙasar Holan, mazaunin kusa da filin jirgin sama, kuma daga baya kwatance ya nuna asalinta na Afirka ne. To amma kundi guda ba ya faɗin abu mai yawa. Sai an ajiye biyu kusa da juna, kamar yadda mushe ke yi da takardun ɗalibai: in ya ga kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya cikin takardu biyu, ya san wani ya kwafi wani. Ƙwayar cuta ma tana yin kuskuren kwafi duk sa'ad da ta ninka, ɗiyanta su gaje shi. Ta waɗannan kurakurai ake gane dangantakarsu, da inda suka fito, da hanyar da suka bi. A 2023 haɗakar masu bincike da ake kira MalariaGEN ta fitar da kundin ƙwayoyi sama da 20,000 daga ƙasashe 33, don kowa ya iya kwatanta nasa da su.

Kwatancen ya warware abubuwan da muka daɗe muna gani ba mu san dalilinsu ba. Me ya sa yaro zai yi masassara sau biyar, sau goma, bai samu garkuwa ba, alhali ƙyanda sau ɗaya take kama mutum? Domin ƙwayar na da ƙwayoyin gado wajen 60 na sauya riga. Da jiki ya fara gane wannan rigar sai ta sa wata, kuma rigunan ƙwayar da ta kama yaro bara ba lalle su zama irin na bana ba. Ƴan'uwanta ma haka suke. A 2005 an jera kundin ƙwayoyi uku, ta ciwon barci wadda danginta ke sa wa shanu sammore ta hanyar ƙudan tsando, da ta cutar Shagas ta Kudancin Amurka, da ta gyambon lishmaniya, aka tarar sun yi tarayya a ƙwayoyin gado wajen 6,200. Ta ciwon barcin ma rigunanta sun haura dubu. Shi ya sa samar da allurar rigakafin irin waɗannan cututtuka ke da wuya haka.

Darasin Nivaquine

Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun tuna da Nivaquine, ƙwayar nan mai ɗacin tsiya da kan sa wasu ƙaiƙayi. Kulorokin ke nan. Yana da araha, ana samunsa ko'ina, kuma shekara da shekaru yana aiki. A ƙarshen shekarun 1950 ƙwayar cutar ta fara bijire masa a iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. A 1978 aka fara ganin haka a gabashin Afirka, cikin shekarun 1980 ya iso Afirka ta Yamma. Ba wanda ya ga shigowarsa. Ana ta ba yara maganin da ya riga ya mutu, har sai da ƙididdigar mace-mace ta tona asiri. A wasu yankunan Senegal da aka bi diddigi, mutuwar yara sanadin masassara ta ninka biyu, wani wurin ma fiye.

Sai a shekara ta 2000 aka gano ƙwayar gadon da ta sauya, pfcrt. Shekara guda bayan haka, binciken da Abdoulaye Djimdé da abokan aikinsa suka yi a Mali ya nuna cewa ana iya duba wannan sauyi a ɗigon jini a san ko kulorokin zai ci ko ba zai ci ba. Da aka kwatanta haruffan da ke kewaye da wurin sauyin, sai aka ga ƙwayoyin Afirka masu taurin kai irin rubutun na Asiya suke ɗauke da shi. Baƙi ne, cikin jinin matafiya suka ƙetaro teku. Haka ma ya faru da Fansidar daga baya.

Akwai wani ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. Malawi ta daina amfani da kulorokin a 1993. A lokacin kusan kashi 85 cikin 100 na ƙwayoyin da aka duba a can masu taurin kai ne. Zuwa 2000 sun koma kashi 13, daga baya aka neme su aka rasa. Ashe taurin kan ma yana da tsada ga ƙwayar, in an janye maganin sai masu sauƙin kai su sake rinjaye. Ke nan yadda muke amfani da magani shi ke zaɓen irin ƙwayar da za ta yaɗu a gari.

Yanzu kuma Coartem

Tun tsakiyar shekarun 2000 Nijar ta koma ga haɗin magunguna masu sinadarin artemisinin, wanda aka fi sani da Coartem. Sinadarin daga wani tsiro ne ɗan'uwan tazargade, wata masaniya ƴar Sin, Tu Youyou, ce ta fito da shi a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. Magunguna biyu ne cikin ƙwaya guda. Artemeter yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cikin hanzari ya fice daga jiki a ƴan sa'o'i, lumefantirin kuma ya zauna kwanaki yana share ragowar.

A 2008 da 2009 aka lura a yammacin Kambodiya cewa ƙwayoyin na jinkirin mutuwa. Yadda aka gano dalilin abin a ji ne. Masu bincike na Faransa sun ɗauki wata ƙwaya ta Tanzaniya suka raba ta biyu a ɗakin gwaji. Rabi aka bar shi, rabi aka yi ta ba shi maganin ana ƙara yawa har tsawon shekara biyar, sai da ya koyi jurewa. Sannan aka karanta kundin biyun aka jera, aka ga bambanci a ƴan wurare kaɗan. Da aka duba ƙwayoyin marasa lafiya na Kambodiya, sai wuri ɗaya ya yi daidai, ƙwayar gadon da ake kira kelch13. An wallafa wannan a farkon 2014.

Kowa ya zuba ido gabas yana jiran baƙin su sake ƙetarowa. Ba haka ta kasance ba. A 2020 aka ba da rahoton sauyin kelch13 a Ruwanda, kuma kwatancen kundi ya nuna ba daga Asiya ya zo ba, nan ya tsira. A 2021 aka samu wasu sauye-sauye biyu daban a arewacin Yuganda, a 2023 wani kuma a Eritiriya. OMS ta tabbatar da matsalar a waɗannan ƙasashe uku da Tanzaniya, tana kuma zarginta a Habasha, Sudan, Namibiya da Zambiya. Nijar ba ta cikin jerin, babu ma wata ƙasar Afirka ta Yamma a cikinsa.

A fahimce mu da kyau, Coartem na aiki, kuma shi ne maganin da ya kamata a sha. Ko a ƙasashen da muka ambata yawancin marasa lafiya na warkewa, don abin da artemeter ya bari lumefantirin na gamawa da shi. Haɗarin shi ne an bar wa lumefantirin kaya mai nauyi shi kaɗai. A kudu maso gabashin Asiya an ga ƙarshen irin wannan: abokin tafiyar artemisinin a can, piperakin, shi ma ya faɗi, har wani bincike da aka wallafa a 2019 ya tarar kusan rabin waɗanda aka ba haɗin ciwon ya dawo musu.

Abu biyu ya kamata mu ɗauka daga nan. Na farko, Sudan ba nesa take ba. Tsakaninmu da ita Chadi ce kawai, kuma hanyar ba ta taɓa rabuwa da ƙafa ba, daga ƴan kasuwa da masu haƙar zinariya zuwa waɗanda yaƙi ya koro. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, labarin Ruwanda ya nuna ba sai an kawo mana ba. Duk inda ake shan rabin magani, ko ake shan sa ba gwaji, ƙwayar na iya koyon darasin a gida. Saboda haka ɗora wa baƙo laifi ba zai kare kowa ba.

Gwajin da ka iya makancewa

Ɗan farantin nan na gwajin gaggawa da ake amfani da shi a CSI da ƙananan likitocin ƙauye ba ƙwayar yake gani ba. Wani sinadari da take fitarwa, HRP2, shi yake shinshinowa. A 2010 aka gano a Peru cewa wasu ƙwayoyin sun zubar da ƙwayar gadon da ke yin wannan sinadari gaba ɗaya, kamar an yage shafi daga kundin. Mutum na kwance da masassara, jini cike da ƙwayoyi, faranti ya nuna layi guda ya ce babu.

A Eritiriya ma'aikatan asibiti ne suka fara kokawa cewa gwaji na cewa babu amma madubi na nuna akwai. Da aka bincika a 2016, a wani asibitin kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin ba su da wannan shafi. Dole ƙasar ta sauya irin gwajin da take saye. An ga matsalar a Habasha da Jibuti, har an samu ƙwayoyin da suka haɗa biyun, ɓuya daga gwaji da jinkirin mutuwa. Ƙa'idar OMS ita ce in irin wannan kuskure ya haura kashi 5 cikin 100 a sauya gwaji. Amma ƙasa ba za ta san ta haura ba sai tana dubawa. Abin lura a nan, ba babban ɗakin bincike ne ya fara ankara ba, majo da mai duba jini ne suka ce akwai abin da bai yi daidai ba, aka kuma saurare su.

Maganin damina da allurar rigakafi

Maganin kariyar nan na CPS da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, wanda OMS ta amince da shi a 2012 aka fara a Nijar a 2013, shi ma bisa wannan ilimi yake tsaye. Haɗin Fansidar ne da amodiyakin. An zaɓe shi don yankin Sahel saboda kwatance ya nuna sauyin da ya raunana Fansidar a gabashin Afirka bai yi yawa a wajenmu ba. Sai dai an ga wani sabon sauyi a ƙwayar gado ta dhps a Najeriya, Kamaru da Chadi, masana na bin sawunsa. Wanda ya san zirga-zirgar Maraɗi da Katsina, ko Magarya da Daura, ya san ƙwayar cuta ba ta tsayawa a duwan.

Allurar rigakafin RTS,S da aka ƙaddamar a Gaya a watan Satumba na 2024 an gina ta ne bisa rigar ƙwayar nan guda ta Holan. Wani bincike na 2015 ya karanta ƙwayoyin yaran da suka shiga gwajin allurar, ya tarar tana kare kusan kashi 50 cikin 100 daga ƙwayoyin da rigarsu ta yi daidai da tata, kashi 33 daga waɗanda suka bambanta, kuma masu daidai ɗin ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Wannan ba dalilin ƙin allura ba ne ko kaɗan, tana rage ciwo mai tsanani da mutuwa. Dalili ne na cika ta sau huɗu, da kuma rashin yar da sange.

Wa ke karanta namu?

Aikin ba ya bukatar abin da ya fi ƙarfinmu a matakin farko. Ɗigon jini ne bisa takarda ta musamman, a bar shi ya bushe, a rubuta wuri da rana, a aika. Na'urorin karantawa ma sun ragu, akwai wadda ba ta fi wayar salula girma ba, an kuma yi aikin masassara da ita a Gana. Maƙwabtanmu sun yi nisa: cibiyar MRTC a Bamako, CIGASS a jami'ar Dakar, WACCBIP a Akara, ACEGID a Ede ta Najeriya. Mu ma muna da CERMES a Yamai, da shirin ƙasa na yaƙi da masassara, PNLP, da jami'o'i a manyan jihohinmu.

Abin da muke ganin ya dace shi ne dubawar ta zama al'ada ta kowace damina, daga wurare tsayayyu a kowace jiha, musamman garuruwan iyaka da mahaƙar zinariya, sakamakon kuma ya dawo ga lokotoron gunduma da majon CSI cikin watanni. Sakamakon da ya fito a mujallar waje bayan shekara huɗu tarihi ne, ba gargaɗi ba. Muna kuma ganin jama'a na da haƙƙin jin sakamakon da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, tunda jinin ɗiyansu aka ɗiba.

Batun kuɗɗi kam dole a faɗe shi. Kaso mai yawa na sange, gwaji da magani daga tallafin waje yake zuwa, kuma tun farkon 2025 Amurka ta rage taimakon lafiya da take ba ƙasashe. In aljihu ya matse, bincike ake fara yankewa, don ba ya kuka kamar yaro maras lafiya. Amma labarin Nivaquine ya nuna mana kuɗin rashin sani ya fi yawa. OMS ta fitar da tsarin tunkarar matsalar a Afirka tun Nuwamban 2022, cikin shawarwarinta har da kada ƙasa ta jingina da magani iri ɗaya, a riƙa amfani da haɗi fiye da guda. Ba a iya tsara hakan a cikin duhu.

Abin da ke hannunmu

Kafin hukuma ta yi nata, akwai namu. A gwada kafin a sha magani, ba kowane zafin jiki ne palu ba. In an ba da Coartem a cika shi, sau shida cikin kwana uku, safe da dare, tare da nono ko abinci mai ɗan maiƙo don ya shiga jiki sosai. Kada a tsaya don yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, kada a ajiye ragowar don ƙanensa. Ƙwayoyin da suka tsira daga rabin magani su ne mafi ƙarfi, su kuma sauro zai kwasa ya kai maƙwabta. Na CPS ma kwana uku ne, ba ranar da ma'aikata suka zo kaɗai ba. A guji maganin tire da na bisa kai da ya wuni cikin rana, wanda ba a san inda ya fito ba. In gwaji ya ce babu amma jiki bai sauka ba, a koma likita a nemi dubawar madubi. In ciwo ya dawo kafin wata guda, a faɗa wa ma'aikaci ranar da aka sha na farko, don ya rubuta.

Ga uwar da ta tambaye mu ko maganin ya daina ci, amsar da ilimin yau ya bayar ita ce yana ci. Mafi yawan lokaci a tsakiyar damina sabon cizo ne, ko maganin da ba a cika ba. Amma tambayarta ita ce daidai wadda ya kamata ƙasa ta riƙa yi wa kanta kowace shekara, da jini a takarda da alƙalami a hannu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A zamanin Nivaquine ba mu ga hayaƙin ba sai da ya iso. Wannan karon an nuna mana shi tun daga Kigali da Asmara.

Za mu ci gaba da wannan batu a shirin kiwon lafiya na mako mai zuwa, tare da ma'aikatan lafiya da za su amsa tambayoyinku kai tsaye. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu kaka lafiya.